Kushewar Mutanen Da

Tun da aka kafa dokar tone duk kabarin da ya shekara bakwai don a sami fili, kushewun duwatsu na mutanen zamanin da ne kaɗai aka ƙyale.

Tambai ta iso wurin da azahar, ƙafafunta futu-futu da ƙura, tana rungume da ƙunshin farin ƙyalle.

"Baba, ƙasusuwan mahaifiyata ne," ta ce wa Barmo mai gadi. "Gobe za su ƙone duk abin da aka tono."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga mata dutsen wata kushewa.

"Sa ta a hankali, 'yata. Matata na nan ƙasa, kuma wurin ya kusa cika."