Ƙusoshi Huɗu a Bangon Inna

Ƙusoshi huɗu suka ɓullo a bangon ɗakinta, can kusa da rufi. Ɗan maƙwabcinta ne ya mai da ɗakin ubansa wurin babi-fut, wato wasan ƙwallon tebur, da kallon ƙwallo, ya rataye manyan lasifikoki biyu a bangon lakar da ke tsakaninsu. In suka ɗau ruri, ƙasa ke zubowa cikin furarta. Tsagar bango kullum ƙara buɗewa take, ga damina ta ƙarato.

Ta same shi, ya yi dariya. "Inna, ke da kunnenki ya mutu, mi kika ji?"

Ta kai ƙara gidan mai unguwa, aka ce yana can wajen kallon.

Ta dawo tana huci, ta kife turmi ta hau, ta ɗaga taɓaryar da ta shekara arba'in tana daka da ita. Kowace ƙusa bugu ɗaya. A bayan bango wani abu ya yi rugum, wani ya bi shi, sai tsit.

Yaron ya faɗo gidan ko sallama babu. "Inna! Kin kashe mini kaya!"

Ta kara hannu a kunne. "Mi kac ce, ɗana? Ɗaga murya. Ai kunnena ya mutu."