Kayana a Gefen Firijin Sadaka

Katan shida na ruwa, buhun shinkafa, madara da burodi na ajiye a inuwar masallacinmu na unguwar Ammariyya, na koma baƙala, kantin unguwa, ɗauko tukunyar gas. An ce guguwa da ruwan sama za su sauka kafin la'asar.

Da na dawo, ko leda ban tarar ba.

Ina ta masifa a tsakiyar titi, ladan ya leƙo.

"Hajiya Larai, naki ne? Ai gefen firijin sadaka kika ajiye. Duk abin da aka bari nan sabil ne, na kowa. Wata ce ta sanar a waya, mata suka zo suka kwashe."

"Sabil ɗin uban wa? Jikoki huɗu gare ni a ɗaki. Wallahi ko 'yar waye ce, sai na maka ta gaban mai unguwa."

Sama ta yi baƙi ƙirin. Na ruga baƙala, halas, shi ke nan, an rufe. Na bi gida-gida ina bugawa, babu wadda ta buɗe.

Ruwa ya kece kafin in isa gida. Nuf, matar ɗana, ta tare ni tana murmushi, katan ɗaya a gabanta.

"Ummi, kwantar da hankalinki, mun samu ruwa. Wani bawan Allah ya yi sabil a masallaci. Ni na fara gani, na sa a guruf ɗin matan unguwa. Ɗaya kawai na ɗauka, kada a ce mun yi haɗama."

Yanzu ku faɗa mini, gaban wa zan kai wannan?