Ruwan Wanki a Gindin Inabi

Ta riƙe hannun mahaifinta kafin ya juye bokitin ruwan wanki a gindin inabin.

"Baba, sabulun nan ke kashe shi. A jami'a na ɗiga shi a kan ganye, na duba a madubin bincike. Ƙwayoyin da ke ba ganye kore, fatarsu ta narke ina kallo."

Ganyen inabin da marigayiya mahaifiyarta ta saba naɗe shinkafa da shi duk ya koma rawaya. Kwana goma sha tara rabon da famfo ya kawo ruwa ƙauyensu na gefen garin Mafraƙ.

"Sannu Dakta," in ji shi. "Ƙishirwa mako biyu za ta ba shi, sabulu shekara. Shekarar na zaɓa masa."

Ta saki hannunsa. Washegari ita ta ɗauko bokitin.