Raka'a Ta Biyar

"Subhanallah!"

Muryar ta fito daga sahun farko, Faruk ya ankara. Ashe ya miƙe raka'a ta biyar a sallar La'asar, kuma yau ce rana ta farko da ya ja jam'i a masallacin layinsu na Abakpa. Shekara biyu yana zillewa duk sanda Liman Tanko ya tura shi gaba, don gudun irin wannan rana.

Ya koma ya zauna. Ya yi tahiya, ya sallame, ya kawo sujada biyu ta ba'adi, ya sake sallamewa. Ya kasa ɗaga kai. Yana jin mutane suna fita, wani har da gyaran murya.

"Faruk, zo nan," in ji Liman, wanda ciwon ƙafa ya zaunar a ƙarshen sahu.

Faruk ya je ya durƙusa gabansa. "Allah gafarta Malam, ai na faɗa maka ban isa ba. Ga shi na ba ka kunya."

Tsohon ya zura hannu a aljihu. "Mutum uku na gwada kafin kai. Ba wanda ya yi mantuwa a gabana, don haka ban san yadda za su yi ba ranar da ta same su. Manzon Allah ma, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi mantuwa a sallah, ya koya mana gyara. Naka gyaran kuwa na gani da idona."

Ya danƙa masa makullin masallaci. "Magariba kai za ka ja. Gobe ma haka."