Ɗan Dakon Sama

Tunda ka ce ayyuka biyu ne a gabanka, kuma zuciyarka ta fi karkata ga wanda za a tafa maka, zauna in ba ka wani misali. Samari biyu 'yan unguwa ɗaya suka gama koyon tuƙin jirgin sama tare, kamfanoni biyu suka yi kiransu. Ɗaya kamfanin na ƙananan jiragen fasinja ne, masu tashi daga Kano da hantsi su sauka Abuja, su juyo kafin azahar. Ɗayan na dakon kaya ne, jiragensa manya, ba taga ba kujera, ba mai hawa sai buhuna da akwatuna. Na farko ya zaɓi fasinja, kuma ba mai ganin laifinsa: ga farar riga, ga hula, ga manyan gari suna ba shi hannu a bakin matakala. Na biyu ya tafi wajen kaya. Lissafinsa shi ne ƙaramin jirgi kullum hanya ɗaya yake bi kamar jakin da ya san gida, amma babba shi ke koya wa mutum nauyi, da hamada, da teku, da sauka a filayen da bai taɓa gani ba. Lissafin ya yi daidai, sai dai ba shi ya sha ɗacinsa ba, mahaifiyarsa ce. Duk bikin da ta je, uwar abokin nan na tsakiyar tabarma tana ba da labarin wane da wane da ɗanta ya ɗauka, sannan a juyo a tambaye ta nata ɗan me ya ɗauko wannan makon, albasa ko fatu. Har suna suka sa masa, ɗan dakon sama. Mata kuwa in suka sa wa mutum suna, ko sabulu ba ya wanke shi. Abin ya ci ta ƙwarai, har ta daina ambaton aikinsa a cikin mutane. Da ya zo hutu ta kira shi ɗaki ta ce ya koma inda ake ganin mutum. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta ƙara masa lokaci. Ta sa masa albarka, amma ya ji sanyin muryar, ya fita da nauyi a ƙirji wanda ya fi duk kayan da ya taɓa ɗauka.

Haka ya yi shekaru yana tashi daga bayan filin jirgi, inda ba mai rakiya sai masu lodi. Ya kai magunguna inda ake annoba, ya kwaso injuna daga ƙasashen sanyi, ya sauka cikin ruwa da iska da jirgi cike maƙil. Daga kujerar mataimaki ya koma ta kyaftin, ba wanda ya yi masa guɗa. Sau da yawa in ya tuna fuskar tsohuwarsa sai ya ji kamar ya ajiye, sai kuma ya daure. Ana nan wata shekara aikin Hajji ya matso, kamfanin da zai yi jigilar maniyyatan jiharsu ya ɗauko hayar wani ƙaton jirgi mai inji huɗu, aka shiga neman ɗan ƙasa da ya san irinsa. Aka duba matuƙan ƙananan jirage, mutanen kirki ne, sun iya aikinsu, amma ba a ba mai tuƙa kwalekwale jirgin ruwa rana ɗaya. Da aka bincika sai ga shi irin wannan jirgin ne ɗan dako ya daɗe yana tuƙawa, bambancin kawai nasa ba kujeru. Aka aro shi daga kamfaninsa. A shekarar kuwa Allah ya kira mahaifiyarsa aikin Hajji, ita da matan unguwa da dama, har da uwar abokin. Bai gaya mata komai ba, don yana tsoron kada a canza jadawali ta ƙara jin kunya. Ranar tashi suka shiga, suka ga kujeru jere har ido ya gaji, kowace ta ɗaure ɗamara tana salati. Sai murya ta fito daga lasifika, ta yi sallama da Hausa, ta faɗi sunanta da na garinsu da na unguwarsu, ta ce da izinin Allah ita za ta kai su Jidda. Tsohuwa ta gane muryar tun daga sallama. Hawaye suka zubo mata, farin ciki ya cika ta. Da jirgi ya fara gudu, uwar abokin, wadda tsoro ya riga ya kama, ta damƙe mata hannu ta ce, "Yaya, ya dai iya ko?" Tsohuwa ta share ido, ta gyara zama ta ce, "Kwantar da hankalinki. Yaron da ya ƙetare teku da ƙwai bai fasa ko ɗaya ba, ke ce za ki gagare shi?" Ya sauke su a Jidda lafiya lau, wasu ma ba su san an taɓa ƙasa ba sai da suka ji kabbara.

To ka ji. Kafin ka zaɓa, kada ka tsaya kan wanda za a fi ganinka a cikinsa bana, duba inda kowanne zai kai ka. Hausawa dai sun riga sun gama magana: ba girin-girin ba, ta yi mai.