Mai Kilishi da Haƙoransa

Akwai wani mai kilishi a bakin tasha wanda ba a haɗa kilishinsa da na kowa. Gwanintarsa a haƙori take. In an sauko da nama daga shanya, sai ya yagi ɗan yanki ya kai turamensa ya tauna, nan take ya san ko ya bushe ko da sauran rana. Haka yake yi tun safe har la'asar, shekara da shekaru. Mutum ne mai tsafta, ba a raba shi da wannan. Kullum in ya tashi aiki sai ya wanke teburinsa, ya bi tsagar katako da bakin wuƙa yana ƙwaƙulo ɓurɓushi, don ya san naman da ya maƙale a lungu shi ke fara wari. Amma bakinsa, asuwaki sai ranar Juma'a, shi ma haƙoran gaba kaɗai yake gogewa, waɗanda mutane ke gani in ya yi dariya. In zaren nama ya shige tsakanin turame, ya ɗan taɓa da harshe, ya ce zai fita da kansa. Matarsa ta sayo masa buroshi da man goge baki da zaren sakace. Ya duba zaren ya ce, "Ni da nake fama da sa guda, wannan ɗan abin zai dame ni?"

Da fari dasashinsa ya soma jini, ya ce zafin yaji ne. Sai turmi ɗaya ya yi kogo, ya koma tauna da ɗaya ɓangaren, ya ci gaba da harkarsa. Ranar da kumatu ya kumbura har ido ya rufe, aka kai shi wurin likitan haƙora, aka cire turame uku, bayan wata biyu aka ƙara cire biyu. Ya warke sarai, amma ya koma rumfa ba abin gwaji. Yau ya sauke nama da ɗanyensa ya yi fumfuna, gobe ya bar shi ya ƙeƙashe kamar fata. Masu saye ba su yi masa faɗa ba, rumfar gaba kawai suka matsa. Abin tausayi, ga shi zaune tsakiyar nama yana shan kunu, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.