Sandar da Aka Bari a Kwalekwale

Zauna ka ji wani misali, ɗan'uwa, kafin ka tashi.

A wani gari na bakin teku, daidai inda kogi ke zubar da lakarsa, an yi wani ƙaƙƙarfan mai nutso, irin waɗanda ke goya tulun iska a baya su shiga ƙarƙashin ruwa. Wata safiya kwalekwale ya kife da mutane, aka ceto kowa ban da ƙanin mai nutson nan. Mahaifiyarsu ta zo ta zauna a bakin gaɓa da likkafani a cinya. Ba ta roƙi komai ba illa a kawo mata ɗanta a suturta shi kafin rana ta faɗi. To, al'adar masu nutso a wurin ita ce kowa ya sauka da wata siririyar sandar ƙarfe, tsawonta kamu ɗaya. Bakin sandar kaɗai ke taɓa ƙasa, mutum ya dogara da ita yana shawagi a bisa, yana zungura a hankali, domin lakar wurin ta fi garin tuwo laushi, ko tafin hannu ka ɗora mata sai ta tashi. Suna cikin kwalekwalen aikinsu, wani dattijo abokin aikinsa ya miƙo masa sandar ya ce, "Ungo, ɗana." Shi kuwa ya ture ta ya ce, "Baba, ƙanina ne fa a ƙasa. Da hannuna zan ɗauko shi, ba da tsinke ba."

Ya sauka ya durƙusa a kan laka, ya shiga tono da hannu bibbiyu yana harba ƙafa. Nan take ruwa ya koma kamar kunun kanwa, ko yatsunsa ba ya gani. Ya yi ta lalube har iskar tulunsa ta ƙare, ya fito hannu rabbana. Babu kuma wanda ya iya sauka bayansa, don lakar nan idan ta tashi sai ta kwana ba ta kwanta ba. Rana ta faɗi. Yana kallo tsohuwa ta naɗe likkafaninta ta koma gida. Washegari da ruwa ya washe suka sauka tare da dattijon, kowa da sandarsa. Ya ga ramuka biyu da gwiwoyinsa suka bari jiya. Taku ɗaya daga nan dattijon ya cusa bakin sanda sannu a hankali, sai ta tokari wani abu da ba dutse ba. Ashe ƙanin nasa yana nan kwance tun jiya a gefensa, lakar da ya tayar da hannunsa ce ta sauko ta lulluɓe shi.

Har ya tsufa bai sake barin sandar nan a kwalekwale ba. Shi ya sa magabata suka ce, sauri ya haifi nawa.